Baffa da Sunan da Bai Rubuta Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, sai dai Baffa ya riga mu kama hanya. Ya cika wata ranar Alhamis da hantsi, ana tsakar noman firi. Daga gona mutane suka zo jana'iza, suka jingine fartanyoyi a jikin katanga, suka wanke taɓon ƙafa a bakin rijiya, sannan suka shiga sahu.

Maigidana ne ya ba ni labarin zaman ƙofar gida. Ya ce Liman ya faɗa wa jama'a bai san ranar da ya waiwayo bayan sallamar asuba bai ga Baffa a damansa ba. Wani tsoho da gonarsa ke haɗe da ta Baffa, wanda suka shekara da shekaru suna ja-in-ja a kan ɗorawar da ta fito daidai kan iyaka, yana zaune a gefe. Can ya nisa ya ce, "To ni yanzu da wa zan yi faɗa?" Sai ya rufe fuska da hannun riga.

A cikin gida kuwa ina wurin. Gwaggo, yayarsu Baffa, ko ɗigon hawaye ba ta yi ba. Duk wadda ta durƙusa ta yi mata gaisuwa sai ta ce, "Ɗan boko ya yi min rashin kunya. Ni ce babba, ya tsallake ni ya wuce." Inna, matar Baffa, tana ƙuryar ɗaki da carbi, amsarta ga kowa ɗaya ce, an gode Allah. Sau ɗaya ta ɗago kai, da hadari ya haɗo, ta ce a je zaure a janye kwamfutar Malam daga saitin inda rufi ke yoyo.

Wanda ya fi kowa kuka shi ne Yaya. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya da shi, amma tun yaye Baba ya ɗauke shi ya miƙa wa wansa, domin Allah bai ba Baffa haihuwa ba. A ɗakin Inna ya tashi, a hannun Baffa ya koyi alif da baƙin boko. Daga Kano ya iso ana shirin ɗaukar makara, shi ya shiga kabari ya karɓi gawa, kuma an ce da ƙyar aka janye shi. Mata suna ta cewa ɗa ke nan, Allah Ya ba kowa irinsa. Ni ma na ce amin.

Kafin a yi sadakar arba'in, wannan hannun da ya karɓi gawar ya goge tarihin aikin Baffa kaf, ya rubuta sunansa shi kaɗai a wurin. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba, kuma da ɓacin ran nake wannan rubutu. Amma bari in fara gaya muku wane ne Baffa, kada fushina ya rufe shi.

Malamin lissafi ne. Ya koyar a sakandare wajen Tofa, ya koyar a Rimin Gado, da ya ajiye aiki ya dawo ƙauyenmu da ke kusa da Zakirai da akwatin littattafai, da farantin sola, da wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka wadda sai an tokare murfinta da dutsen guga take tsayuwa. A ƙarshen aikinsa ya koyi rubuta manhaja, da furfurarsa, yana bin yaran da ya isa ya haife su yana tambaya. Gwaggo ta ce tsufa ne ya zo masa ta wata hanya.

Kakanmu malamin allo ne da ya san lissafin taurarin damina, irin su Zira'a da Nasara da Ɗarfa, da abin da ake shukawa ko ake bari a kowanne. Baffa ya ga masu wannan sani suna ƙarewa, sai ya ce zai sa shi a waya. Manhaja ce 'yar ƙarama wadda ba ta bukatar sabis. Manomi ya buɗe, ta gaya masa da murya, da Hausa, tauraron da ake ciki, da ko lokacin gicciya wake a cikin gero ya yi. Bai yarda ya yi shi kaɗai ba. Ya buɗe zaurensa ranakun Alhamis da Juma'a bayan la'asar, duk mai so ya zo. Samari suka zo, 'yan mata suka zo, ni ma da nake koyarwa a firamare da goyo a bayana na zo, wai don in ga abin da ke hana Baffa cin tuwo da zafinsa.

Ba a fara da rubuta manhaja a wurinsa. Da git ake farawa, wato 'yar manhajar da ke riƙe tarihin aiki, ta san me aka canza, wa ya canza, da dalilin canzawar. Ya ce wanda bai iya ajiya ba bai kamata a ba shi iri ba. Ranar farko ya sa ni na buga git init, ya ce, "Uwata, kin gina rumbu ke nan, saura hatsi." Uwata yake ce min, don sunan mahaifiyarsu aka sa min.

Daga nan kullum tsari ɗaya ne, har mun haddace kamar karatun allo. In ka zauna, ka fara buga git status ka ga halin da aka bar aikin, domin a cewarsa mahaukaci ne kaɗai ke shiga gona da fartanya bai tsaya a baki ya duba ba. In ka yi gyara, ka buga git add, ka ɗaure damin ke nan. In ka tabbata, ka buga git commit, ka zuba a rumbu, tare da 'yar magana da ke bayyana abin da ka yi. In kana son ganin duk abin da aka taɓa zubawa da sunan wanda ya zuba, sai git log. Yakan ce iyakar abin ke nan, sauran duk ƙawa ce.

A kan 'yar maganar nan ta bayani ya fi tsanani. Wata rana ina sauri yaro na kuka, na rubuta "gyara" kawai na miƙe. Ya kama bakin mayafina.

"Gyaran me?"

"Baffa, ai kana gani."

"Ni ina gani. Wanda zai zo bayan na mutu fa? In kin aiki yaro gidan Gwaggonki da ƙwarya a rufe, ya ce an ce a kawo abu, me za ta ce miki?"

"Za ta ce uban wa ya aiko."

"To zauna ki rubuta kamar Gwaggo ce za ta karanta."

Na zauna na rubuta cewa na gyara ranar shigar Nasara da ta zame. Tun daga ranar bayanina ya fi na kowa tsawo, har ya koma yi min tsiya wai wasiƙar soyayya nake rubuta wa kwamfuta.

Akwai wata 'yar maƙwabta da ta gama sakandare ba ta samu ci gaba ba, mai shiru-shiru, wadda ta kwashe makonni tana shigar da bayanin irin dawa, kaura daban, farfara daban. Rannan hannunta ya zame ta goge shafin gaba ɗaya. Ta kifa kai a gwiwa tana kuka ba sauti. Da ni ce da na fara da faɗa. Baffa ya bar ta ta yi mai isarta, sannan ya ce, "Jiya kin zuba a rumbu?" Ta gyaɗa kai. Ya matso mata da kwamfutar, ya faɗa mata abin da za ta buga harafi bayan harafi, ya ƙi taɓawa da hannunsa. Shafin ya dawo yadda ta bar shi jiya. Ya ce, "A zauren nan ba a kukan abin da aka ajiye. Je ki wanke fuska ki dawo, farfara na jiran ki." Yarinyar nan ita ta zama wadda ke koya wa sababbin zuwa.

Halinsa ba duka ne mai daɗi ba. Yana da taurin kai irin na gidanmu. In ya ce ba daidai ba, ko Liman ya zo sai an yi ta yi. Ba ya son a ci gyaɗa kusa da kwamfuta, amma shi aljihunsa kullum da ƙuli-ƙuli, kuma mun sha zazzage garinsa daga tsakanin madannai. In akuya ta shigo zaure takan fi mu samun ladabi. Sannan yana da wata ɗabi'a da ta haɗa ni faɗa da shi, faɗan da har yau ban yarda ni ce mai laifi ba.

Baffa ba ya ajiye aiki da sunansa. Da safe in ya dawo daga gona yakan zauna ya yi aiki mai wuya, irin wanda mu ba mu kai ba, ya warware lissafin da ya cije, ya ɗinke abin da muka yaga. Amma ba zai buga commit ba. Zai bar aikin a buɗe har ranar karatu, ya kira ɗaya daga cikinmu, ya sa shi ya karanta layi bayan layi har ya gane, ya sa shi ya canza ko da kalma ɗaya ce, sannan ya canza sunan mai aiki a kwamfutar zuwa sunan ɗalibin, ya ce danna. In ka buga git log sai ka ga sunayenmu jere, nawa, na 'yar maƙwabta, na samarin unguwa, na Yaya. Na wanda ya yi rabin aikin ko fiye babu ko sau ɗaya.

Na ce masa, "Baffa, wannan ba gaskiya ba ce. Kai ka ce tarihi ba ya son ƙarya."

"Ƙarya ita ce ki sa suna a abin da ba ki gane ba. Kin gane ko ba ki gane ba?"

"Na gane. Amma kai ka yi."

"Uwata, ni wa zan nuna wa? Aiki zan nema? Ku ne wata rana za a ce me kuka iya, ku buɗe ku nuna. Uba yana noma ne ya ce gonar yara ce."

"To ka sa naka ko sau ɗaya, don albarka."

"Dattijo ya riƙa rubuta sunansa a bango kamar ɗan firamare?"

Na ce kunya ce kawai irin ta mutanen da, kuma kunyar marar kunya asara ce. Ya ce ni ce marar kunyar ke nan. Na ɗauki ɗana na fita, na yi mako ban leƙa zauren ba. Shi ya aiko min da gyaɗar gonarsa da saƙon cewa Ɗarfa ta karkace, ba mai miƙe ta sai ni. Na koma, amma bai sa sunan ba.

Sabis ba ya kamawa a cikin gari sai a gindin wata kuka da ke bayan makarantarmu. Ana bukatarsa don a tura kwafin aikin zuwa ma'ajiyar intanet, yadda ko kwamfutar ta mutu tarihin na nan. Yaya ne ya buɗe ma'ajiyar da adireshinsa, domin a lokacin ya koma Kano yana ƙarin karatu, ya fi mu sanin hanya. Baffa ya ce, "Kai ne ɗa, riƙe makullin." Babu wanda ya ga aibun haka. A garinmu wa ke tambayar ɗa dalilin riƙe makullin rumbun ubansa?

In Yaya ya zo hutun ƙarshen mako sai su tafi gindin kukar, Baffa da kwamfuta a cikin buhun taki da ya wanke, Yaya da waya. Dokar Baffa a nan ita ce a janyo kafin a tura, git pull sannan git push, domin Yaya ma yana taɓa aikin daga can, kada wani ya hau kan na wani. Wani lokaci sai ta kama su biyu sun canza layi ɗaya, kwamfuta ta tsaya ta ce ba za ta zaɓa ba. Baffa yana son wannan lokacin. Yakan ce rikicin iyaka ne, kuma shi da ya yi shekaru yana yi da maƙwabcinsa a kan ɗorawa ya san maganinsa, a zauna a duba kunyar kowa, a bar wa kowa tasa.

Rannan ina tare da su, Yaya ya gaji da zaman duba layi. Ya ce, "Baffa, akwai gajeriyar hanya fa. In ka ƙara kalmar force a gaban push, naka ne zai hau, shi ke nan."

"Na wancan fa?"

"Ya tafi."

Baffa ya rufe kwamfutar a hankali. Ya ce, "Wannan ba turawa ba ce, ɗana, noma ne a kan shukar mutum. Na san da ita. Ban koya muku ba ne don ba na so hannunku ya saba." Yaya ya yi dariya ya ce wasa yake. Muka dawo gida ana hira, ni har na manta.

Ranar Laraba, jajibirin rasuwarsa, na biya gaishe shi ya ce, "Uwata, gobe ki zo da wuri. Akwai aikin da ke jiran hannunki." Lafiyarsa ƙalau, yana gyara ƙotar fartanya. Washegari ina aji aka aiko.

Ranar sadakar uku, da baƙi suka ragu, Inna ta sa aka ɗauko buhun kwamfutar ta ajiye a gaban Yaya. Haka ake yi, kayan sana'ar uba na ɗan da ya tashi a hannunsa ne, kuma magada duka suka ce sun yafe masa. Na matsa na ce a ba ni ita ko na ɗan lokaci, akwai aikin da Baffa ya bari a buɗe, in zuba shi a ajiya kafin a tafi da ita. Gwaggo ta juyo ta dube ni sama da ƙasa.

"Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba kina maganar inji? Ke wace irin 'ya ce?"

Yaya ya ce, "Bar ta, Gwaggo, zafin rashi ne. Ke kuma kwantar da hankalinki, zan kula da komai."

Ranar Gwaggo na kare mutuncin mamaci ne a ganinta, Inna na cika al'ada, kowa na yin abin da ya dace. Da haka aka naɗe aikin shekaru aka sa a bayan mota.

Makonni suka wuce, yaran zaure suna tambayata yaushe za a ci gaba. Na ari kwamfutar wani abokin aikina na tafi gindin kuka da rana tsaka, na janyo aikin daga ma'ajiya. Komai na manhajar yana nan, har ya ƙara kyau. Na buga git log don in ga sunayenmu in ji sanyi. Layi ɗaya ya fito. Sunan Yaya, da 'yar magana da Turanci mai nufin ajiyar farko. Na ɗauka kuskure na yi, na sake bugawa. Babu Nasarar da na gyara, babu farfarar 'yar maƙwabta, babu komai. Aikin da Baffa ya ce yana jiran hannuna ma yana ciki a cakuɗe da sauran, kuma har gobe ban san wanne ba ne.

Na jira shi har sadakar arba'in. Ana marka, jama'a ba su yi yawa ba. Bayan an shafa fatiha na same shi a zaure shi kaɗai yana danna waya.

"Yaya, ina tarihin aikin Baffa?"

Bai ko ɗago ba. "Na share na fara sabo. Akwai masu son ɗaukar manhajar, kuma sai sun ga abu tsaf."

"Da force ka tura?"

"Ke, da me zan tura? Kin karanta abin da ke ciki kuwa? Wani ya rubuta ya tsaya nan don akuya ta shigo. Wani ya rubuta an kira magariba. Wannan zan nuna wa mutanen ofis?"

"Sunayen yaran fa? Shi ke nan abin da suke da shi da za su nuna."

"Yaran da ba su san komai ba sai abin da aka ce su danna? Ni da ke mun san wanda ya yi aikin."

"To tunda ka sani, ina sunansa?"

Sai a lokacin ya ajiye wayar ya dube ni. "Nuna min wuri ɗaya da sunan Baffa yake a tsohon tarihin. Ɗaya tak. Ban goge sunansa ba, don bai taɓa sawa ba. Shi ya ce uba na noma ne gonar ta zama ta yara. To ni ne ɗan."

Maganar Baffa ya ɗauka ya yanka Baffa da ita. Na tambaye shi kwamfutar, don tsohon tarihin na cikinta. Ya ce ta yi nauyi, ya yi mata fomatin, ya goge komai, ya ba wani abokinsa. A wannan zauren, a kan tabarmar da aka koya masa ajiya, ya faɗa min haka, ya tashi ya ce zai kama hanya kafin ruwa ya sauko.

Na kai ƙara wurin Baba. Ya saurare ni har ƙarshe, ban tabbata ya gane rabin zancen ba. Ya ce, "An taɓa gona? An taɓa gida?" Na ce a'a. Ya ce, "To hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ɗan'uwanki ne. In ya samu, mu muka samu, kuma shi mamaci lada yake bukata, ba suna ba." Gwaggo ta ce in rufa wa gida asiri. Kowa ya ce in yi haƙuri, kamar ni ce na yi ɓarnar. Abin da ya fi ci min rai shi ne babu wanda ya ga an ɗauki wani abu. Da damin gero ɗaya Yaya ya zara daga rumbun Baffa, da garin nan ya tashi.

'Yar maƙwabta ta tare ni a hanyar rijiya ta ce, "Anti, an ce za a ɗauki masu koyon aikin kwamfuta a Kano, ana so mutum ya nuna abin da ya taɓa yi. Ki buɗe min nawa in kwafa." Na tsaya da tulu a ka ina kallonta. Na ce mata ta ba ni kwana biyu.

Baffa yakan ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Allah Ya gafarta masa, ni dai na ga inda ya faɗi wani ya taka ya wuce da shi a tafin takalmi. Ina jin haushin Yaya, wannan a fili yake. Amma akwai ranakun da nake jin haushin Baffa ma, da kunyarsa, da yardarsa, da makullin da ya miƙa ba tare da ya ba wani na biyu ba. Mutumin da ya koya wa gari guda yadda ake ajiya, shi ya tafi bai ajiye kansa ba. Sai in tuna yadda yake tura kwamfutar gaban ɗalibi ya naɗe hannuwansa a ƙirji don kada su yi masa gardama su taɓa, sai haushin ya koma kuka.

Kaka ta yi, an yanke gero, Inna na cikin takaba ba ta fita. Nakan je mata bayan an tashi daga makaranta, da kwamfutar aro a jaka, ina ƙoƙarin sake kafa aikin don yaran zaure su samu inda za su fara. Wata la'asar maƙwabta suka aiko cewa a kunna rediyo, ga Yaya a shirin manoma. Inna ta sa na ɗora akwatin a kan turmi kusa da ita.

Ya yi magana mai daɗi, dama ya iya. Ya faɗi taurarin damina ɗaya bayan ɗaya yadda Baffa ke jera su, har da inda yake ɗan tsayawa ya ja numfashi. Mai shirin ya tambaye shi wa ya koya masa. Ya ce shi ya koya wa kansa, a ƙauyen da ba wuta ba sabis, ba mai nuna masa hanya sai Allah. Mai shirin ya ce matasa su yi koyi.

Kunnen Inna ya yi nauyi, muryar kawai take tsinta. Fuskarta ta washe, rabon da in ga haka tun kafin rasuwar. Da aka sa kiɗan rufe shiri ta dafa gwiwata.

"Yaron nan ya iya magana. Me ya ce a kan Malam? Ban ji wurin sosai ba."

Na so in yi mata ƙarya. Tsohuwa ce, tana takaba, kuma ita ta goya shi. Na buɗe baki ƙaryar ta ƙi fitowa.

"Bai ambace shi ba, Inna."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya. Cewa ya yi ba wanda ya koya masa."

Ta janye hannunta. Carbin ya tsaya a yatsunta. Sannan ta nuna jakata da haɓa.

"Abin nan naku, akwai inda ake sa sunan mai aiki?"

"Akwai."

"Buɗe."

Na buɗe, na kafa sabon rumbu, na ɗaure aikin gaba ɗaya, na kai wurin suna na tsaya. Na ce, "Inna, ya hana fa. Har faɗa muka yi a kai."

"Ya hana yana da rai. Yanzu ni ke da magana."

Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Baffa a bakin Inna ba. Malam take cewa, ko mai gidan nan, kuma ko yaro mai irin sunan ta gani sai ta sa masa wani. Ranar ta gyara zama, ta ɗaga murya yadda na tsakar gida za su ji, ta faɗi sunansa cikakke, da na mahaifinsa. Muryarta ta karye a tsakiya, ta koma farko ta sake faɗa.

"Kin ji, ko in maimaita?"

"Na ji, Inna."

"To rubuta."

Na rubuta, na matsar da kwamfutar gabanta, na kama yatsanta na ɗora a kan madanni, ta danna.

Allah Ya yafe wa Baffa kurakuransa, Ya yalwata masa makwanci, Ya ba shi ladan kowane layi da ya rubuta ya sa sunan wani. Yaya kuwa ban yi masa baki ba, ban kuma yafe ba tukuna.